Gatana da Rana

Keita, 9 ga Mayu, 1966

Ɗana Alhusaini,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Saudatu da jaririyar da ban gani ba tukuna. Mu nan sai godiyar Allah. Gwiwata ta hagu tana nan yadda ka san ta. Idona na dama ya fara ganin mutum ɗaya biyu, abin da bai dame ni ba sai in mutumin ko sau ɗaya ba na son ganinsa. Mai ɗakina Balki na gaishe ku.

Takardarka ta iso ta hannun Hamma direba. Na ji an ba ka mabuɗin ɗakin littattafai na Madawa, wanda kake kira bibiliyotek. Barka. Na kuma karanta jerin da aka aiko maka daga Yamai, na littattafan da za ka riƙa nuna wa yara, da wasannin da za ka koya wa iyaye su yi da 'ya'yansu. Sau biyu na karanta shi, na biyun don in tabbata ba idona ba ne.

Littafi na farko, yara ne suka gina mutum da ƙanƙara suka sa masa hula. Yaron ƙauyen Azarori da bai taɓa shan ruwan da ya fi na randa sanyi ba, shi za ka miƙa wa wannan? Na huɗu, wani kare ne mai gado da bargo, har likita ake kai shi. Karanta wa ɗan makiyayi wannan, ya koma ruga ya faɗa wa ubansa, ka ga ko zai sake taka ƙofar lakwal, makarantar bokon nan taku. Wasan iyali kuwa, wai uba da uwa da 'ya'ya su zauna teburi ɗaya suna jefa ƙwaya mai ɗigo-ɗigo. Mu a nan caca muke ce wa wannan. Wanda ya rubuta jerin bai taɓa ganin an haƙa gurbin dara a ƙasa ba.

Ka ce in ba ka shawara tun da na yi karatu. Na yi. Shekara talatin da uku ina riƙe da alli. Da aka samu mulkin kai, waɗanda na share wa majina suka hau kujerun ofis, ni kuma aka miƙo mini takardar godiya aka ce in je in huta. Ina nan ina hutawa. Shawarata ita ce ka nemi wani aiki.

Akwatin littattafaina da ka tambaya, gara ta riga ka. Ta ci nahawu, ta ci lissafi, ta ci sarakunan Faransa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ta raina ta bari, wasu kaye bakwai ne, irin littattafan rubutun 'yan makaranta, na gatana da na rubuta tun ban yi hankali ba. In su kake so ai sai ka aiko a kwasa, ko Saudatu ta samu na hura wuta.

Kawunka,
Aƙilu

Madawa, 21 ga Mayu, 1966

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi, ina yi maka sannu da gwiwa. Muna lafiya. Jaririya sunan mahaifiyata muka sa mata, Jaratu, muna kiranta Uwani.

Kawu, jerin nan ba ni na rubuta ba, ni ma karɓa na yi. Yara sukan leƙo, su dubi hotuna, su yi dariya su fita. Ga abin da ban faɗa maka ba a takardar farko. Su-furefe, mai mulkin gundumarmu, ya kira ni ya ce sufeton makarantu zai zo ƙarshen Oktoba. In ya tarar ɗakin ba yara, za a ba mutanen auduga su zuba iri, ni kuma in koma kwafar takardun haihuwa. Ba komawar ke damuna ba. Ɗakin nan in aka rufe shi, ba na jin za a sake buɗe wani a Madawa muna da rai.

Saboda haka ban san yadda zan gode maka ba da kyautar kaye. Na gaya wa Hamma ya biyo ya karɓa. Allah ya ƙara girma.

Ɗanka,
Alhusaini

Keita, 3 ga Yuni, 1966

Alhusaini,

Muna lafiya. An yi yayyafi, wasu marasa haƙuri sun yi shuka.

Wace kyauta? Yaushe na yi maka kyauta? Mutum ya ce maka ka hura wuta da abu, kai sai ka ji ya ce ga shi? Haka ake koya muku karatun takarda yanzu a Yamai? Na tafi jana'iza ƙauye, kafin in dawo Hamma ya tsaya da kamiyo a ƙofar gida yana busa oda kamar gobara ta tashi, Balki ta buɗe akwati ta danƙa masa kaye uku. Da hannunta ya kai ƙasan akwatin da duka ta ba shi. Na yi faɗa, ta ce ai ni na rubuta, ita abin da Hamma ya ce ka ce na ce ta bi.

Tun da sun tafi sun tafi. Aro ne. Kada yaro ya taɓa su da hannun mai. Shafin hagu Hausa ne, na dama Faransanci. Na hagu za ka karanta, na dama don wani na yi shi, kuma bai gode ba.

Sunan da kuka sa wa yarinya na ji. Allah ya raya ta.

Aƙilu

Madawa, 24 ga Yuni, 1966

Kawu,

Gaisuwa da neman gafara. Wallahi da gaske na ɗauka. Muna lafiya, sai Uwani da ke fama da haƙori.

Na sa karatun gatana ranar Alhamis da hantsi, tun da ba lakwal ranar, kuma ƙarfe shida nake maida mabuɗi ofis. Alhamis ta farko ɗaki ya cika har taga. Kawu, ban taɓa ganin yara sun yi tsit haka ba. Abu ɗaya ne ya ba ni haushi. Da na buɗe kaye, sai duk suka ɗaga kai suna duban rufi, wata yarinya har ta hau benci tana shafa kwano. Na tsawata mata ta sauko.

Alhamis ta biyu yara shida suka zo. Jiya ba ko ɗaya.

Ashe ranar kasuwar da ta biyo bayan karatun farko, jikan Inna Yalwa, mai tuyar waina a bakin ƙofarmu, ya ɓace tun safe. Sai la'asar aka same shi yana barci cikin buhunan albasa. Yanzu matan unguwa sun ce ni na jawo, wai ba a gatana da rana, wanda ya saurara sai ya ɓata. Na je wurin Inna Yalwa in yi mata bayani. Ta leƙa ɗakin, ta dubi kwanon sama, ta girgiza kai. Na ce mata ba ya yoyo.

Na yanke shawara zan tara matan ranar 14 ga Yuli in nuna musu wannan camfi ne, yaro barci ya kwashe shi. Na san kai da ka yi shekaru kana yaƙi da jahilci za ka goyi bayana.

Ɗanka,
Alhusaini

Keita, 2 ga Yuli, 1966

Alhusaini,

Lafiya lau. Kada ka tara kowa. Ka ji ni? Kada ka tara kowa.

Wai ba ya yoyo! Na karanta wannan na ajiye takardar na fita tsakar gida na dawo. Shekara goma sha uku gwamnati tana ciyar da kai a makaranta, ka kasa gane abin da 'yar shekara bakwai ta hau benci tana nema.

Ban ga laifinka duka ba. A barikin gardi, dogarawan gwamnati, ka tashi, a hannun matar ubanka, ba wanda ya zaunar da kai ya faɗa maka. To, ji. Gatana ta dare ce. Amma mutanenmu ba su taɓa kafa doka ba su bar mata ƙofa ba. In dole sai an yi da rana, mai sauraro yakan tashi ya kama silin ciyawa a bakin jinka ya ƙulla. An ɗaure ta ke nan, ba ta bin kowa ta ɓatar da shi. Shi ke nan fa. Yaran nan ciyawa suke nema, ka sa su ƙarƙashin kwano, ka kuma tsawata musu. Yalwa ba gardama take da littafinka ba, wurin ƙulli ta duba ta rasa.

Ka samu masu yankan gamba su kafa maka rumfa jikin bango, a sauko da bakinta yadda hannun ƙaramin yaro zai kai. Ka fitar da benci. Kada ka yi wa kowa wa'azi.

Na ba Hamma wannan, ya ce jibi yana Madawa.

Aƙilu

Madawa, 30 ga Yuli, 1966

Kawu,

Ina gaisuwa. Ta gidan waya na aiko wannan, don tun farkon wata ba mu ga Hamma ba. Mako biyar ke nan da na rubuta maka, ban ji daga gare ka ba. Na san fushin kaye ne, kuma kana da gaskiya.

Na yi taron. Mata sun zo da yawa, na ɗauka alamar nasara ce. Na zana rana da duniya a allo, na nuna musu dare da rana juyawa ce kawai, lokacin da muke hantsi wasu ƙasashe dare ne. Wata ta ce to in je can in yi gatanata. Aka yi dariya. Raina ya ɓaci, na ce camfi ne, kuma irin wannan tunani shi ya bar mu a baya.

Sai Inna Yalwa ta miƙe ta gyara zane, ta kira ni yadda suke kiran malamin lakwal, ta ce, “Mushe, kai ɗan wa na? Ba mace ta goye ka ba? Uwarka ba ta koya maka komi ba?”

Kawu, ka san shekarata uku ta rasu. Ko fuskarta ban riƙe ba. Na tsaya da alli a hannu har suka watse.

Yanzu ko masu kallon hotuna sun daina leƙowa. Inna Yalwa ta ɗauke kaskonta ta koma ƙetaren hanya. Mutumin auduga ya zo jiya ya auna ɗakin da taki. Saudatu ta ce in haƙura. In Hamma ya ɓullo zan ba shi kayenka, ba abin da ya same su.

Ɗanka,
Alhusaini

Keita, 18 ga Agusta, 1966

Ɗana,

Muna lafiya, gero ya yi kai, Allah ya kai mu kaka.

Ba fushi na yi ba, ko in ce fushin da na yi ba shi ya hana ka jin amsa ba. Na rubuta maka tun 2 ga Yuli. Ruwa ya cika ƙoramar da ke gaban Buza, kamiyon Hamma ya kafe, ya yi kwana tara a can, aka jawo shi ya koma Tawa gyara. Shekaranjiya ya zo yana sosa ƙeya, takardata na ƙarƙashin kujerarsa ta sha man inji. Ga ta nan na haɗa da wannan. Ita za ka fara karantawa, ka ga abin da ka ja wa kanka.

Rana da duniya a allo! Wa ya tambaye ka? Irin matar da ta haifi tara ta binne huɗu, kai za ka koya wa abin da ya kamata ta ji tsoro?

Da na ci gaba da zaginka, sai dai ba ni da baki. Abin da zan faɗa maka yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Balki.

Ka taɓa tambayar kanka wa ya ba ni gatanar da ke cikin kayen nan? Hutun 1937 ne. Wani sufeto Bature ya ce malamai 'yan ƙasa su tattaro labaran gargajiya, za a duba ko a sa su cikin littafin yara. Na zo gida da kaye bakwai sababbi, ina jin sunana zai hau bangon littafi. Duk Keita ba wanda ya kai ƙanwata Jaratu iya gatana, ta kwashe na kakarmu kaf, ta ƙara nata. Ni kuwa haske nake so don rubutu, na ce da hantsi za mu yi. Ta ƙi, na matsa, ta yarda. Kullum kafin ta buɗe baki sai ta tashi ta yi ƙulli a jinkar ɗakin innarmu. Ina kallonta ina dariya, ni mai takalmi da agogo. Rana ta goma sha ɗaya na ce mata kalmar nan taka, camfi. Na miƙe na kwance ƙullin duka a gabanta, ɗaya bayan ɗaya, don in nuna mata ba abin da zai faru. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, “Yaya, ka gama?” Ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. Ba ta sake ba ni ko ɗaya ba. In ka ga kaye na bakwai, rabinsa fari ne.

Sufeto ya maido mini da su da jan alƙalami a bango, wai ba su da amfani ga ɗalibi. Shekara biyu bayan haka aka aurar da ita ga ubanka, aikin gardi ya yi ta yawo da su, ban sake sa ta a ido ba. Takarda aka aiko mini ta rasu, ko kabarinta ban san inda yake ba. Ban ce ƙulli ne ba. Na yi karatu, na san zazzaɓi ne. Ina dai faɗa maka abin da ya faru.

Saboda haka tambayar Yalwa tana da amsa. Uwarka ta koya maka, kaye uku na hannunka, huɗu na nan. Muryarta kake karantawa tun Yuni ba ka sani ba.

Ga abin da za ka yi, kuma wannan karon ka karanta abin da na rubuta, ba abin da kake so ka ji ba. Ka kafa rumfa. Ka sayi goro. Ka sa Saudatu gaba da Uwani a bayanta, ku je gidan Yalwa, ba bakin kaskonta ba. Ka cire takalmi, ka bar alli a ofis. Ka ce ka yi kuskure. Ka faɗa mata ɗan wa ne kai. In ta zage ka, ka ce na gode.

Kada ka ba Hamma kaye. Wanda ya kasa riƙe takarda ɗaya.

Kawunka,
Aƙilu

Madawa, 28 ga Oktoba, 1966

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, Uwani ta fara tsayawa da bango. Ka gafarce ni da jinkiri. Na fara amsa takardarka sau uku ina yagewa, sai na ga gara in yi abin da ka ce tukuna.

Inna Yalwa ta bar ni durƙushe har ƙafata ta mutu. Ta karɓi Uwani ta yi mata wasa, ni ko kallo. Da na ce sunan yarinyar Jaratu, na kuma ce gatanar da ke cikin kaye ta uwata ce, sai ta ce, “To mi ya hana ka faɗi tun farko, kana ta zana muna ƙwallo?”

Rumfa ta tsaya tun Satumba. Alhamis ta farko ita ta fara zuwa, ta kai hannu ta yi ƙulli, ta koma ta zauna kan turmin da ta sa aka kawo mata. Yara suka bi layi. Ban yi nisa da karatu ba ta ce in tsaya, wai a nan akwai waƙa, ina waƙar? Na ce ba a rubuta ba. Ta ce wanda ya rubuta kurma ne. Ta rera, yara suka amsa. Yanzu haka muke yi, ni karatu ita waƙa, kuma takan gyara mini ko ban tambaya ba. Ta maido da kaskonta.

In an gama wasu sukan shiga ciki su ɗauki littafi. Na mutumin ƙanƙara ya fi kowane fita. Sun ce mutumin gishiri ne daga Bilma, na bar su. Iyaye maza kuma sun haƙa gurbin dara gefen rumfa.

Sufeto ya zo jiya. Ya rasa inda zai sa ƙafa. Ya ce ɗaki ya tsira, mutanen auduga su nemi wani. Ya kuma rubuta cewa rumfar ba ta cikin tsarin gini, in aika da bayani kwafi uku. Ya tambaye ni ƙulle-ƙullen nan na mene ne, na ce rajista ce.

Ga sili ɗaya cikin ambulan. Ni na ƙulla shi.

Ɗanka,
Alhusaini

Keita, 12 ga Nuwamba, 1966

Alhusaini,

Mun gama girbi, rumbu bai cika ba amma ba mu ji kunya ba. Gwiwa tana nan.

Kwafi uku. Bature ya tafi ya bar musu jan alƙalaminsa. Ka rubuta musu inuwa ce, ba su da dokar da ta hana inuwa tukuna.

Ka gaya wa Yalwa kurman yana gaishe ta. Waƙoƙin da gangan na bar su, don na ga ba za su shiga Faransanci ba, na ɗauka abin da bai shiga Faransanci ba ba abu ba ne. Ka sayi kaye sabo ka rubuta su daga bakinta tun tana da haƙora. Kuma kada kanka ya kumbura. Ɗaki ɗaya ka ceto, shi ma mai waina ta ceto maka. Maganar mutumin gishiri kuwa, wata rana sai ka faɗa musu gaskiya, malami ne kai ba maroƙi ba.

Sauran kaye huɗu suna hannun wani ɗan'uwan Balki da zai je Madawa kan raƙumi. Ya fi kamiyo tabbas. Ba naka ba ne, ba na gwamnati ba ne, kada a buga musu hatimi. Na Uwani ne, kai ajiya aka ba ka.

Ciyawarka ta iso a murƙushe. Ƙullin bai yi kyau ba, irin na igiyar takalmi ka yi. Na sa shi cikin akwati inda kayen suke da.

Kafin in ɗaure kayen na ce bari in duba na bakwai, ko gara ta taɓa. Idona ba ya karatu da fitila yanzu, sai da hantsi. Na zauna bakin ɗaki na buɗe, na kai layi biyu, na kasa wucewa. Na tashi da gwiwar nan tawa na kama jinka. Balki ta fito daga madafa ta ce, “Malam, mi kake nema a sama?” Na ce gara nake dubawa. Ta tsaya tana kallona har na gama, ta ce garar nan da yawa take.

Goma sha ɗaya na yi. Ban manta adadin ba.

In ka faɗa wa Yalwa wannan, ka maido mini da kayena.

Kawunka,
Aƙilu